Yadda Za Ka Hana Mata Irin Wake Kana Zaune Kan Kujera

Almoustapha, mai kwamfutar koperatif ɗinmu na Dogarawa, kai ka kashe mini shukar bana. Tunda ka ƙware, bari in koya wa masu son bin sawunka. Wanda ya bi matakan nan, na yi mishi alkawari ko ƙwayar wake ba za ta fita daga sito ba.

1. Jira ruwa ya sauka. Duk rani kwamfuta tana roƙonka ka sabunta ta, ka share ta. Sai ranar da ƙasa ta jiƙe, mata sun cika ƙofar buro, wato ofishinka, da buhunansu na karɓar iri, sannan ka danna. Gwani ba ya gyara sai da 'yan kallo.

2. Bari abin rabon iri na cikin kwamfutar ya yi rarrafe. Da, kana kiran suna yana fitowa, a auna wa mace irinta ta wuce. Yanzu ka kira sunan Bushira, ka ɗora shayi, ka sha, Bushira ba ta fito ba.

3. Ɗauko ma'aunin nan naka. Kana da wani abu cikin kwamfutar, wanda ka ce yana nuna inda aiki ke maƙalewa, kamar yadda makaniki ke kasa kunne ga inji. Buɗe shi, ya rufe kansa. Gaya wa tsofaffi cewa shi na tsohon zubi ne, kwamfutar kuma ta koma sabon zubi, ba sa gane maganar juna. Faɗi da Faransanci, ya fi nauyi.

4. Kada ka yarda da hanya mai sauƙi. Idan wata tsohuwa, wato ni, ta ce ka mayar da kwamfutar yadda take jiya, ka yi murmushi, ka ce ba a komawa baya. Idan ta ce a auna da tiya, ai duk mun san juna, ka ce doka ta hana. Idan ta matsa, ka ce: "Inna, ba za ki gane ba."

Na gane, ɗana. Abin auna cutar ma ya kamu.

5. Jira masu ma'aunin. Ka ce suna can wata ƙasa, za su gyara nasu ya dace da sabon zubin. Su ba su da gona, ba su san laima tana tashi ba. Kafin su waiwayo, gonata ta bushe, hauya tana tsalle a kanta.

Wanda ya bi wannan darasi mata suka tare shi bakin kasuwa, ba ruwana, ban ma san shi ba.

Amma kai, Almoustapha, da Mato shugaban koperatif da ya ba ka kujerar don kana ɗan ƙanwarsa, ranar Juma'a bayan sallah ku zo gaban mai gari. Ku faɗa wa jikokina da bakinku abin da za su ci da kaka.