Baƙon Maldibus da Farantin Biriyani

Akwai wani yini a azumin 2018 da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da kuwa na so mantawar.

Lokacin ina wata na uku, wato na ƙarshe, na gwajin aiki a wani ƙaramin ofishin shirya tafiye-tafiye a unguwar Al Ras, can ƙasar Larabawa. Mudir ɗinmu, wato shugaban ofis, wani dattijo Basudane, ya riga ya faɗa mini cewa idan bai gamsu da ni ba zuwa Sallah, ba zai yi mini bizar zama ba. Ma'ana, in tattara in koma Zariya.

Ran nan ya kira ni ya ce, "Ya Malam, gobe muna da baƙo daga Maldibus, sunansa Manik. Yana da masaukan baƙi a can, muna so mu riƙa tura masa mutanenmu. Ka zaga gari da shi. Kada ya dawo mini da ƙorafi."

Ni kuwa iyakar sanina da Maldibus shi ne hoton da ke manne a bangon ofis: ruwa shuɗi, farin yashi, da Turawa kwance cikin abin da ba zan kira shi tufafi ba (kullum nakan kawar da kai idan zan wuce, amma kun ji dai na iya siffanta shi). Daga hoton nan na yanke hukunci cewa ƙasar da ake wannan ba ta san alƙibla ba. Har na zauna na tsara 'yar nasiha da ajami a littafin aljihuna, ko Allah zai shiryi bawansa ta hannuna.

Washegari sai ga Manik, siririn mutum mai sanyin murya, da wandon jins, ba gemu ba hula. Na ce a raina, shi ke nan, zatona ya tabbata.

Muna cikin kwalekwalen da ke tsallakar da mutane zuwa ɗaya gaɓar ruwan da ya ratsa garin na buɗe littafina. Da guntun Turancina na yi masa bayanin mene ne azumi, da dalilin da ya sa zai ga ba a ci ba a sha a titi. Ya buɗe baki ya ce, "Sheikh, ai ni..." Na ɗaga masa hannu na ce, "Shwaiya, shwaiya," wato a hankali, "tambayoyi sai a ƙarshe." Ya yi murmushi ya ci gaba da saurare. Na ɗauka nasiha ce take ratsa shi.

Da rana ta take, na ga leɓɓansa sun bushe. Tausayi ya kama ni, ga kuma maganar Mudir a kunnena. Na tare tasi muka nufi unguwar Satwa, zuwa wani gidan abinci da ke sakaya ƙofarsa da labule saboda waɗanda ba sa azumi. Muna shiga na ci karo da Bitrus, wani ɗan Kafanchan da ke aiki a wurin, wanda muka taɓa zama gida ɗaya.

"A'a! Malam, kai ne a nan da rana tsaka? Ko an ga wata ne ba mu ji ba?"

"Kai dai Allah ya shirye ka," na ce. "Baƙo na kawo. Kawo masa shinkafar nan ta biriyani da ruwan sanyi."

Manik ya sake cewa, "Sheikh, don Allah..." Na ce, "Kada ka ji kunyata, addininmu ba ya tilasta wa kowa." Sannan na juya masa baya na fuskanci bango, ina jan carbi, ina jin kaina wani waliyyi.

Shiru, ban ji ƙarar cokali ba. Can sai na ji wata murya a bayana, ƙasa-ƙasa, tana karanta ayoyin azumi da tajwidin da ni kaina ban kai shi ba. Na waiga a hankali. Biriyani na nan yana tururi, ba a taɓa shi ba.

"Sunana Muhammad Manik," ya ce da Larabci tsantsa. "Ina azumi. Ni nake jan tarawihi a tsibirinmu."

Bitrus ya tambaye ni me ya ce. Fuskata ce ta fassara masa. Sai da ya dafa tebur don dariya. "Malam, liman ka kawo ya karya azumi? Ko ni ban taɓa wannan ba!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina ta ba shi haƙuri, a raina kuma har na fara hango kaina a tashar mota a Zariya.

Bawan Allah bai yi fushi ba. A hanyar masallaci ya ba ni labarin ƙasarsu: tsibirai ne birjik, ƙanana, ba tudu ba dutse, wani ma ka zagaye shi da ƙafa kafin shayi ya huce. Mutanen Musulmi ne, masunta, abincinsu kifi da kwakwa. Wuraren da Turawa ke kwanciya tsibirai ne daban, ba inda jama'a ke zaune ba. Da ya ga ajamina ya yi murna, ya karɓi alƙalami ya nuna mini nasu rubutun, shi ma daga dama yake farawa.

Da muka koma ofis, Mudir ya tambaye shi yadda yinin ya kasance. Na sunkuyar da kai.

"Mutumin nan," in ji Manik, "yana azumi cikin wannan zafi, amma yunwar baƙonsa ce ta dame shi. Irinsa nake so ya riƙa turo mini iyalai."

Manik bai tona zancen biriyani ba. Bayan Sallah aka buga mini biza.

Darasin da na ɗauka shi ne, kafin ka kama hannun mutum ka ce za ka nuna masa hanyar masallaci, fara tambaya tukuna, kada ya zama makullin yana aljihunsa.