Yadda Za Ka Kaɗa Jitar Bes a Guangzhou Kawunka Bai Sani Ba

Duk wanda ya bi matakan nan zai zama makaɗin bes a ƙungiyar kiɗan rok ta 'yan China, ya kuma ci gaba da zama wakilin kawunsa mai sayen jakunkuna, ko karen gidansu a Kano ba zai ji ba. Na gwada da kaina daga 1996 zuwa 1998. Tabbas ne.

Mataki na 1: Zaɓi bes

Jita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, amfaninta kuwa ba wanda yake kula da ita. Mawaƙi ake kallo, mai ganga ake ji, kai kana can baya kana gum-gum. Sai ka tsaya ake waiwayowa. Ɗan gidan mutunci, wanda ba a taɓa yin makaɗi a zuriyarsu ba, ba shi da maɓoya da ta fi wannan.

Mataki na 2: Nemi ƙungiyar da mai bes ɗinta ya gudu

Kullum akwai. Shugaban tamu, Ah Fai, mai gashi har kafaɗa, tambaya ɗaya ya yi mini: ko ni Ba'amurke ne? Ka ce "meyo", wato babu, tunda kalmar da kake da ita ke nan. Zai rubuta Amurka a fasta duk da haka. Ƙyale shi. Kawu Maidaji, wanda ya riƙe ka tun mutuwar mahaifinka, ba ya karanta fastar Amurkawa.

Mataki na 3: Akwatin jita samfur ne

Fatake 'yan'uwanka za su gan ka da shi bayan Juma'a. Ka ce, "Samfur ne." Falke ba ya buɗe samfurin ɗan'uwansa a gabansa, sai dai ya zagaya ta baya. Mutawakilu, wani mai tura kaya Kumasi, ya yi mako guda a Shiling, garin masu ɗinka jakunkuna, yana neman masana'antar da ke ɗinka dogayen jakunkuna.

Mataki na 4: Kanta a yatsu

Gaisuwarmu doguwa ce, ana riƙe da hannunka har a gama tambayar gida da kasuwa. Idan aka ji taurin yatsunka, ka ce gwada zif ne. Za a ce ma Allah ya yi maka albarka.

Mataki na 5: Kada ka so abin

Ka ɗauke shi kamar dako. Akwai ranar da ƙarar za ta shigo ta tafin ƙafarka ta zauna a ƙirji, ka ji karo na farko tun zuwanka garin nan ba ka kewar kowa. Ranar nan ka sayar da jitar. Ni ban sayar ba, don ina son ta fiye da duk jakunkunan Shiling, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu.

Mataki na 6: Tambayi inda za a yi wasa

Musamman a Oktoba, lokacin baje koli, da Kawu yake gari. Idan ka ce masa zazzaɓi ya kwantar da kai, Ah Fai kuma ya ce akwai bikin buɗe masana'anta ƙarfe goma na safe, ka tambaya wace masana'anta ce. Ka tambaya kuma wane ne babban baƙon da zai yanke ƙyalle.

Bes tana ɓoye mutum, amma ba a tsakar gidan da baƙar fata biyu ne kacal, ɗaya a kan dandamali, ɗaya a kujerar gaba cikin babbar riga.

Mataki na 7: Ci gaba da kaɗawa

Kawu zai tashi ya hawo a hankali, ya zaro takardar yuwan goma ya liƙa maka a goshi. 'Yan masana'anta za su tafa, su a zatonsu albarka ce yake sa maka. Kai ka san ba a yi wa ɗa liƙi, makaɗi ake yi wa.

Ba zai sauka ba. Zai tsaya kusa da sifikarka, kansa a sunkuye, har waƙar ta ƙare. A duk shekarun nan, shi kaɗai ne mutumin da ya taɓa sauraron bes ɗinka daga farko zuwa ƙarshe. Idan sunanka Ma'azu, kamar nawa, ga abin da zai ce:

"Ma'azu, duk cikinsu kai kaɗai ka san abin da kake yi."

Ka ce, "Na gode, Kawu."

"Ka ba yarona Alhasan makullin sito. Kada ka zo gida da Sallah."

Ka miƙa makullin. Saura waƙa huɗu, ka ƙarasa su.

Gargaɗi

Marubucin ba shi da alhakin asarar sito, ko kawu, ko gurbi a tabarmar cin tuwo. Mai ƙorafi ya same shi ranar Asabar da yamma a gaban kantin takalma, can baya, hagu da mai ganga. Kada a zo masa da labarin gida ana tsakar waƙa, hannunsa yakan tsaya.