Rasuwar Madam Promise, Tirelar Oga Obadiah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da idanu jawur, iyalan Oga Obadiah direba na Tungan Maje suke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tirelarsa, Madam Promise, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi a hawan Zuba, tana ɗauke da shanu goma sha takwas.

Marigayiya ta shekara goma sha ɗaya tana kai shanun Malam Yero kasuwa. Ba ta da raki, ba ta zaɓen hanya. Da guminta aka ci tuwo, aka sa yara makaranta. Abin alfaharin mai ita guda ɗaya ne, kuma duk tasha an haddace shi: wai tun da ya saye ta bakanike bai taɓa buɗe mata ciki ba. A kan wannan alfaharin ya daina gaisawa da amininsa Nababa bakanike, don kawai Nababa ya saurari kukanta wata rana ya ce giyabos ɗinta na neman agaji.

Ciwon ajali ya fara bara da damina. In an sa mata giya lamba uku sai ta ce "ƙarrr", kamar ana niƙa tsakuwa. Obadiah ya ce gyaran murya take, ya ƙara ƙarar rediyo. Sai giya ta soma fita da kanta ana tsakiyar tafiya, bawan Allah ya yanko robar tsohon tub na taya ya ɗaure sandar giyar a ƙafar kujera. Da ƙauri ya cika gaban mota, masu gasa masara ya ɗora wa laifi, har a dajin da babu kowa. Ribas kuwa sai an lallaɓa ta, ta yi dogon tunani, sannan ta ce "gam" ta shiga.

Matarsa Mabel ce ta fara ganin baƙin mai yana ɗiga a ƙofar gida. Ta yi magana har ta gaji. Shi kuwa, don kada labari ya kai garejin Nababa, sai ya ari kwanon miyarta yana tarawa a ƙarƙashin mota, kullum da safe ya mayar da man inda ya fito, da yashinsa da gashin kajinsa. Mutum da hankalinsa fa.

Ran da abin zai faru, tana tsakiyar hawa ta ce "wuuu", inji na ihu, taya ba ta motsi. Ta ce "kwas", shi ke nan. Aka sauke shanu, Malam Yero ya kora abinsa da ƙafa, suka wuce Obadiah ɗaya bayan ɗaya yana zaune a gefen titi da sandar giya a hannu. Ya yi kuka, kuka na gaske, don yana son motar nan, kuma ya san shi ya kashe ta.

Ta rasu ta bar tayoyi goma sha huɗu, uku masu sanƙo, da robar tub, da rediyo mai cikakkiyar lafiya. Ta bar Mabel, wadda ke roƙon duk wanda ya ga kwanonta ya dawo mata da shi.

Za a ɗauko gawa ranar Asabar da janwen Nababa mai jan matattun motoci, wanda ya ba da shi ba tare da an roƙe shi ba. Da ƙarfe goma za a buɗe mata ciki a garejinsa, Obadiah ne zai tsaya yana miƙa sifana. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su yi wa Allah kada kowa ya ce da mai makoki ai an gaya masa. An bar wa Nababa wannan, shekara guda ke nan yana jira.