Ƙahon Wanzami a Cikin Gilashi

"Lafiya lau, angona. Wa ya bar ƙofa a buɗe har kayan tarihi suka fara yawo da ƙafafunsu?"

Nafeesa ce ke amsa sallamar kakanta Malam Ilyasu, tsohon wanzami mazaunin Nyanya. Ita da 'yan ajinsu na makarantar koyon jinya sun zo baje kolin tsofaffin kayan magani a Garki. Malamarsu, Madam Christina, ta ce kowa ya zana abu ɗaya, kuma da maki a kai. Nafeesa ta zaɓi ƙahon wanzami da ke cikin gilashi. Ashe tsohon ya ji zancen da safe, ya hau bas ya biyo ta.

"Matata na zo dubawa. Miƙo takardar." Ya ƙura ido. "Wannan karas ne ko haƙorin jaki?"

"Ƙaho ne! Idonka ne ya yi ritaya."

"Idon da ya cire miki beli ranar suna? Da na san bakin da za ki yi, da har harshen na haɗa."

"Shi ya sa na fasa aurenka. Likita zan aura."

"Je ki. Ni sau uku Turawa suka roƙe ni in riƙe musu asibitin Ingila, na ce sai sun rage sanyi."

'Yan aji suka kwashe da dariya. Madam ta ce saura minti biyar. Nafeesa ta karɓe takardarta, ita ma ta san zanen bai cika ba.

"Ina hudar?" in ji tsohon.

"Wace huda?"

"Ta tsinin, inda ake zuƙa. Ƙaho ba huda ai na sa ne, ba na wanzami ba."

Ta sunkuya ta leƙa. Ga ta kuwa, 'yar mitsitsiya. Ta ɗiga ta da fensir. Shi kuma ya dafa gilashin.

"Irinsa babana ya bar mini. Yau ga shi a kulle, an rubuta masa Turanci."

Madam da ke bayansu ta ce, "Baba, ka zo aji gobe ka nuna ma yaran nan yadda ake yi."

Ya gyara hula. "Zan zo, amma a gadon bayan matar nan tawa zan fara."

"Na yarda," in ji Nafeesa. "Ni kuma jibi muna koyon allura, kuma ba mu da wanda za mu gwada a kansa."

Tsohon ya dafe ɗuwawu, ya fashe da dariya. Ya laluba aljihu ya miƙa mata alewa.

"Karɓi. An yi sulhu."