Ranar da Alwala ta Tona Asirin Takalmina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na raba Alhaji Garba da ƙasan takalminsa a gaban mutanen Malumfashi.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne, tamanin da 'yan kai. Ina da 'yar rumfar ɗinkin takalma a Funtua, kuma gam da roba duk daga Kudu suke zuwa mini. Mai kawo mini su Emeka ne (haifaffen Funtua, ya fi ni iya karin magana). Wata rana ya zo ya zazzage jakarsa a gabana, wayam.

"Maigida, gam ya yi ɓatan dabo. Ko a Anacha sai mai uwa a gindin murhu."

Maimakon in damu, sai kaina ya kumbura. Dama warin gam ɗin na sa ni jiri, ragowar roba kuma ƙona ta muke yi har maƙwabta su yi ta tari. Na buga ƙirji na ce daga yau takalmina ɗan gida ne: fata jimar bagaruwa daga Maska, ƙasansa tsohuwar taya, gam kuwa ƙaro.

Faɗa da baki ke da sauƙi. Majemin Maska ya ce fata sai ta cika kwanakinta a ruwa, ko gwamna ne ke jira. Tayoyin tasha masu yin guga sun riga ni. Ƙaro sai da na aika har Matazu. Da ya iso na dafa shi da kokon rogo, har na ɗanɗana (kada ku tambaye ni dalili). Emeka ya leƙa tukunyar ya ce, "Wannan ai sai da ƙosai. Ka dai bi shi da ɗinki." Na ce masa hassada ce.

Takalma biyu na fara yi, kuma wallahi sun yi kyau. Ɗaya nawa, ɗaya na kai wa Alhaji Garba, dillalin auduga, wanda ya yi alkawarin in ya gamsu zan yi wa duk ma'aikatansa. Ya ce zai sa shi ranar ɗaurin auren ɗansa a Malumfashi.

Ranar na sha babbar riga, ina tafe ina ɗaga ƙafa kamar zalɓe. Duk wanda na gaisa da shi sai ya sha lacca. Da aka kira azahar muka yi alwala a ƙofar gida, muka zura ƙafafu da lema, muka ɗan tsaya jiran baƙi. Ni kuwa ina ta zuba: "Wannan takalmin, sai dai jikoki su gada!"

Muka nufi masallaci. Taku kaɗan na ji ƙafata na cewa caɓ, caɓ. Sai na ji tsakuwa ta soke ni. Na waiga, ga ƙasan takalmina can kwance, shi kaɗai. Na shiga jan ɗaya ƙafar ina addu'ar Allah ya sa na Alhaji ya fi nawa imani.

Ina! Alhaji na gaba, maroƙi na biye yana kirari: "Giwa mai taku da nauyi! Inda ka taka..." Sai maroƙin ya tsaya cak. Ya sunkuya, ya ɗago baƙar taya tana ɗigar koko, ya ɗaga ta sama.

"...inda ka taka, sai ka bar shaida!"

Wuri ya kece da dariya. Alhaji ya dubi ƙafarsa: madauri na nan a sama ras, tafin ƙafa na ƙasa. Ya juyo a hankali.

"Malam, ka ce ɗan gida ne ko?"

"Ɗan gida ne, ranka ya daɗe."

"To, shi ya sa ya ƙi fita unguwa."

Har liman sai da ya toshe baki da hannun riga. Haka muka ƙarasa masallaci ba takalmi, ni da uban ango, muna ɗangyashi a kan ƙasa mai zafi. A motar komawa Funtua, har direba ya riga ya ji labari.

Ban daina fatar Maska da taya ba, sai dai yanzu ɗinki nake yi musu, layi biyu. Alhaji ma daga baya ya ba ni aikin, bayan ya sa an jiƙa samfurin a bokiti tun safe har la'asar, yana zaune yana gadi.

Tun daga ranar, ba na yi wa takalmi kirari sai na ga ya yi alwala ya fito lafiya.