Rasuwar Hajiya Babba, Kwamfutar Ɗakin Rigakafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Sharhabilu Badaru, mai kula da bayanai a wani ƙaramin asibiti da ke bayan garin Lafia, yana sanar da rasuwar abokiyar aikinsa, kwamfutar hannun nan da aka fi sani da Hajiya Babba. Ta cika ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar awon yara, tana da shekara huɗu a duniya.

Marigayiya ta samu kyakkyawar shaida. Ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa neman canjin wurin aiki ba. Ta san duk yaron da aka yi wa rigakafi daga nan har ƙauyukan hanyar Obi, da sunan uwarsa, da ranar da zai dawo. In an shigar da suna daidai takan ce "ƙilin!" In an bar gurbi ta ce "ɗit-ɗit," ta kafe sai an cike.

Ta daɗe tana jinya. Cikinta ya kumbura tun farkon damina, Malam ya ɗaure ta da roba ya ce ƙiba ce. Kullum da safe sai ta tuna masa bayanai na jiran a tura su ofishin ƙaramar hukuma. To, sabis sai an taka zuwa bakin titi, shi kuwa Malam mutum ne mai girmama inuwa. Wata bakwai yana ce mata gobe. Shi ne fa ya halarci bita har sau uku a kan ajiye kwafi, ya miƙe ya ƙara wa mahalarta bayani, aka tafa masa.

Mai gyara a kasuwa ya buɗe ta, ya duba, ya mayar da murfi a hankali, ya miƙa wa Malam hannu ya yi masa ta'aziyya.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da jaka, da tsohuwar rajistar takarda da aka yi wa ritaya saboda ita, wadda yanzu ke tokare ƙafar tebur. Ta tafi da sunayen yara ɗari biyu da goma sha huɗu. Cikinsu har da jaririyar Doofan, wata manomiya da ta zo a ƙafa daga nesa ranar da katunan rigakafi suka ƙare a asibitin. Malam da bakinsa ya ce mata kada ta damu, Hajiya ba ta mantuwa. Yarinyar na da sauran allura, ga shi yau bai san ranar ba, bai san ƙauyen ba. Abin da ya hana shi cin abinci ke nan.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis a durowar ƙasa ta teburinsa. Zaman makoki kwana uku ne a ɗakin rigakafi. Ana roƙon iyaye mata kada su wahalar da kansu da kawo abinci, kowace ta zo da katin ɗanta a kwafa. Duk wanda ya san Doofan ya isar mata Malam na nemanta. In ta ga dama ta zage shi a gaban kowa, ya yarda, amma ta zo da yarinyar.