Yadda Za Ka Yi Farin Haƙori Kafin Ranar Neman Aiki

An kira ka ganawa a otal, aikin karɓar baƙi, ga haƙoranka shayi ya rine su kamar tsohon kofi? Kwantar da hankalinka. Bi ni tiryan-tiryan, na yi maka alkawari sai an yi zancen bakinka.

1. Guji likitan haƙori
Zai haska maka fitila, ya duba dasashi, ya ce a bi a hankali. Kai kuwa sauri kake. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, amma wa ya aike ka girki?

2. Nemi masani
Wato mai askinka. Zai ajiye almakashi ya ce, "Yallaɓai, akwai wata leda da ake mannawa a haƙori. Ƙanin matata ya sa, yanzu ko fitila ba ya kunnawa." Kada ka nemi ganin ƙanin.

3. Ƙara wa maganin ƙarfi
Kwalin ledar ya ce rabin awa. Wannan na ragwaye ne. Manna biyu, ka wuni da su, ka bi da lemon tsami. In matarka ta leƙo banɗaki ta ce, "Maigida, wannan kumfar fa?" ɗaga mata babban yatsa. Dama maganar ba za ta fita ba.

4. Ranar ganawa
Haƙoran gaba huɗu sun yi fari tas, sauran suna nan yadda ka san su. Yi murmushi daidai faɗin huɗun nan. Iskar na'urar sanyaya ɗaki za ta ratsa su har ƙwaƙwalwa. Daure. Manaja za ta miƙo ruwa mai ƙanƙara, ta ce, "Bismillah, sha ka faɗa mana yadda za ka tarbi baƙo."

Sha. Ihun da za ka yi, har maigadi sai ya shigo da sanda.

5. Rufa wa kanka asiri
Da yamma, in likita ta leƙa bakinka ta yi salati ta ce, "Bawan Allah, wa ya yi maka wannan aika-aikar?" ce mata faɗuwa ka yi.

A kula: aikin da ya kuɓuce, dasashin da ya saɓule da dariyar matarka, duk babu ruwana. Kada ma ka zo gidana da ƙorafi da sassafe, don a lokacin nawa haƙoran suna cikin kofi, ban riga na saka su ba.